Ruwa Ba Ya Tsami Banza

'Yan'uwa ɗalibai, cikin kayan mota duka babu wanda aka raina kamar fiyus, ga shi ɗan mitsitsi ga araha. Amma kuwa shi ne mai gadin wayoyin mota. Siririn ƙarfe ne a cikinsa, wanda aka yi shi don ya narke in wuta ta wuce kima. Watau ya kan mutu don mota ta tsira. Ko wane da lambarsa da launinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30.

Tun 1916 aka mai da gidan sarautar Katagum Azare, amma zirga-zirga tsakanin garuruwan nan biyu ba ta yanke ba. Da wannan hanya kawuna ya ke ci da iyalinsa, yana jigilar fasinja a tsohuwar motarsa. A hutun da ya wuce na tarad da shi cikin damuwa. Sau huɗu fitilun gaba suna ɗauke masa da dare, har ran nan ya kusa afka wa amalanke. In ya sa sabon fiyus, bayan kwana biyu ya ƙone. Wani a tasha ya ba shi shawara ya naɗa wayar tagulla a gurbin, ya huta.

Na ce, "Kawu, ka yi mini aikin gafara. In mai gadi ya yi ihu sau huɗu, ɓarawo za a nema, ko kuwa bakin mai gadin za a ɗaure? Tagulla ba za ta narke da wuri ba, sai wayoyin su yi zafi, robarsu ta kama wuta, ga kuwa fetur kusa."

Ya yi dariya, ya ce, "To, Malam ƙarami, nuna mini ɓarawon."

Muka fara da lissafi irin wanda aka koya mana a aji. Batirin mota bolt 12 ne. Ƙwan fitila mai wat 55, in ka raba da 12, yana jan amfiya 4 da rabi da 'yar ɗoriya. Biyu sun tashi 9 da kaɗan. A motar kawu fiyus ɗaya mai lamba 15 ke riƙe da su, ashe nauyinsu bai fi ƙarfinsa ba. Da a ce ƙwai masu wat 100 ya sa, irin waɗanda direbobi ke so don haske, da sun ja wajen 17, ka ga laifi ya fito fili. Muka duba, nasa masu 55 ne.

Sa'an nan na tambaye shi lokacin da fiyus ɗin ke ƙonewa, gama amsar tambayan nan rabin aiki ce. In da kunnawa ya ke mutuwa, waya ta manne da ƙarfe. In sai an jima ana tafiya, kaya sun yi masa yawa. In sai da damina, ruwa ke shiga mazaunin ƙwai. Kawu ya yi shiru, can ya ce ai kullum sai mota ta faɗa rami ko gargada.

Muka zare ƙwayayen fitilun, muka ɗaura wani ƙwai guda da waya biyu a gurbin fiyus, muka murɗa makunni. Bai kama ba, don wuta ba ta sami hanyar wucewa ba. Kawu ya shiga bin wayoyi yana girgiza su ɗaya ɗaya, ni ina kallo. Ya taɓa wadda ta ratsa wani huji bayan fitilar hagu ke nan, sai ƙwan ya haska wal! Ashe robar da ke bakin hujin ta tsufa ta faɗi, ƙarfe ya yi ta gugar wayar har ya fere ta. Ka san jikin mota haɗe ya ke da ɗaya kan batir, don haka da tagulla ta taɓa shi, wuta ta sami gajeriyar hanya, sai ta kwararo gaba ɗaya. Muka naɗe wurin da baƙin salatif, muka sa roba, muka mai da fiyus mai lamba 15. Har hutu ya ƙare bai sāke ƙonewa ba.

To, jama'a, gobe za a danƙa mana aji. Za mu gamu da yaron da kullum ya ke faɗuwa a lissafi guda. Ƙara masa bulala daidai ya ke da naɗa tagulla: ihun ya tsaya, ɓarnar tana ci daga ciki. Mu tambayi yaushe ya ke faɗuwa, kuma a wace gaɓa. Watakila ba ya hangen allo, watakila da yunwa ya ke zuwa, watakila tun aji biyu jadawalin sau bai zauna masa ba. Mu bi wayar a hankali har mu kai inda ta fere. Allah ya ba mu haƙurin yin haka, amin.