Shanun Azawak a Birnin Yamai

Hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Illela da Birnin Ƙonni, ta ratsa Dogon Dutse da Doso kafin ta sauka Yamai, ba ta da abin da zai ɗauki hankalin mutumin da ya tashi cikin shanu, in ban da shingayen bincike da zafin Afrilu wanda kan haura digiri 40. Abin da ya tsayar da wani matafiyi, Basakkwace mai tinƙaho da Bokoloji, wato manyan shanun ƙasarsa masu guntayen ƙahoni da cikar jiki, shi ne kasuwar dabbobi ta Turaku, inda ya tarar da dillalai suna tsawwala kuɗin wata karsana wadda a idonsa ba ta kai ta kawo ba, domin siririya ce, jaja-jaja, mai baƙi a baki da gefen idanu da ƙafafu.

Wannan ita ce saniyar Azawak, wadda wasu a ƙasar Hausa ke kira saniyar Adar, kuma ta samo sunanta daga kwarin Azawak, busasshen kwarin da ya miƙe daga arewacin Tawa har cikin Mali, inda Buzaye da Larabawa suke kiwo. Jikinta ya dace da wannan ƙasa: gashinta gajere ne mai santsi, tozonta, wato tudun kitsen da ke bisa kafaɗa, ajiya ce ta lokacin yunwa, ƙafafunta kuma na jure doguwar tafiya tsakanin makiyaya da rijiya, ga shi da rani takan wuni ta kwana ba ta sha ruwa ba, tana kalar busasshiyar ciyawa da 'ya'yan gawo, amma ba ta daina ba da nono ba.

Masaukin da matafiyin ya fara sauka kusa da tasha bai yi masa daɗi ba, domin ɗaki ne marar taga, wuta na ɗaukewa, sauro kuma ya hana barci. Wani dattijo Bafulatani da suka haɗu a kasuwa shi ya ce baƙo ba ya kwana haka, ya ƙetara da shi gadar Kennedy zuwa Harobanda, kusa da Kirkisoye, inda ake ciyar da shanun tatsa da burugu, ciyawar da ke tsirowa a bakin kogin Kwara. A nan ya sha kindirmo mai kauri wanda bai sami abin kushewa a cikinsa ba, ko da yake har yanzu yana kan bakansa cewa furar Yamai ba ta kai ta Sakkwato yaji da laushi ba.

Darajar Azawak ba ta tsaya a bakin makiyaya ba, domin tun shekarun 1930 aka fara zaɓen iri a Filinge, sannan a 1954 aikin ya koma tashar Tukunus, kimanin kilomita 200 arewa da Yamai, inda saniya kan ba da lita 800 zuwa 1,100 a tsawon tatsar haihuwa guda. Wannan adadi kaɗan ne a gaban na shanun Turai, amma su waɗancan sai da inuwa da magani da abincin saye, alhali wannan iri ya ratsa farin 1973 da na 1984, duk da ɗimbin garkunan da suka halaka.

Abin da ya fi ɓata wa matafiyin rai shi ne ganin kantunan birnin cike da madarar gari ta ƙasashen waje, har yawancin yogot ɗin da ake sayarwa da ita ake yin sa, alhali nonon ƙauyuka kan lalace da damina saboda rashin hanya da wurin sanyayawa. A ganinsa gyaran wannan ya fi shigo da baƙin iri gaggawa. Bai samu zuwa Tukunus ba saboda rashin tsaro a hanyar Filinge, sai ya nemi motar Ƙonni ya juyo gida.