An kashe uwa, an bar ƴaƴa

Yau kuskurena zan ba ku labari, ko Allah ya sa wani ya tsira da shi.

A Tabla ni ke riƙe da lissafin wasu ƴan kasuwar hatsi: wanda ya ɗauki buhun gero bashi, da wanda ya biya. Lissafin yana cikin kwamfuta mai tsarin Linux, wanda Linus Torvalds ya fito da shi a 1991. Na rubuta mata jerin umurni domin ta riƙa ajiye kwafi kowane dare. Wannan aiki shi ne uwa. Shi kuma yakan ta da ƙananan ayyuka 3, ɗaya ya kwafa, ɗaya ya matse, ɗaya ya rubuta a ma'aji.

Wata Asabar da dare, gobe kasuwar Baleyara, aikin ya tsaya cik. Garaje ya ɗebe ni. Kowane aiki yana da lambarsa, sai na nemo ta uwar, na aika mata umurnin kill da alama ta 9, na sāke ta da aikin. Ashe ƴaƴan farko suna nan da ransu. Su da sababbin suka haɗu a kan kwafi ɗaya suna rubutu, suka dagula shi. Ban lura ba sai da kwamfutar ta lalace bayan kwanaki, na je ɗauko kwafin, na tarar ba ya buɗuwa. Tsohon littafin wani Alhaji, da na sha yi wa dariya, shi ya fid da ni kunya.

Ɗan ƙanwata mai karatu a Yamai ya ce mini: "Kawu, ka kashe maciji ba ka sare kansa ba." Ya bayyana mini cewa mutuwar uwa ba ta kashe ƴaƴa, marayu ne suke zama, aiki mai lamba 1 ya ɗauki renonsu, su ci gaba. Alama ta 9 kuwa ba a iya tare ta, saboda haka uwar ba ta samu sukunin sallamar kowa ba.

Yanzu ga yadda nake yi. Da setsid nake ta da aikin, domin uwa da ƴaƴa su zama gida guda mai lamba guda. In zan tsai da su, sai in sa alamar ragi gaban lambar gidan, in aika alama ta 15, wadda ke ba kowa damar rufe abin da ya buɗe. In jira kaɗan, in duba. Wanda ya ƙi ji, shi kaɗai ake wa ta 9.

Littafin takarda kuma na sayi nawa, ina cika shi kowane maraice. Dukiyar mutane amana ce. Allah ya ba mu ikon riƙe ta.