Zamanin Ƙidayar Alwatika

Duk abin da ka gani yana da tsawo da faɗi da kauri a wasan waya, mota ce ko doki ko ɗan tsere, da alwatika aka gina shi: ƙananan siffofi masu kusurwa uku da ake harhaɗawa har su zama jiki. Mu da muka shiga sana'ar gina irin waɗannan abubuwa a farkon shekarun 2010, rabin aikinmu ƙidayar alwatikan nan ne. Shawarar da masu manhajar Unity ke bayarwa a lokacin ita ce kada mutum guda a wasan waya ya wuce alwatika wajen 1,500, ƙasusuwan da ke motsa shi kuma kada su haura 30. Da wannan ɗan abin za ka fitar da fuska da tufafi da takun tafiya.

Manhajar Blender ce ta buɗe mana ƙofa. Maya da 3ds Max, waɗanda manyan kamfanoni ke aiki da su, kuɗinsu ya fi ƙarfin ɗan makaranta a Kano. Ita kuwa Blender, tun 2002 ta zama ta kowa, bayan da Ton Roosendaal na ƙasar Holan ya nemi gudummawar jama'a aka tara Yuro 100,000 aka fanso ta. A kafe muke kwana muna sauke darussa, don intanet ɗin dare ya fi sauri kuma ya fi arha, mu kwaso a filash mu rarraba wa juna. Da Temple Run ya fito a 2011, Subway Surfers ya biyo baya a 2012, sai kowa ya kamu da son wasan tsere. A Legas, irin su Maliyo Games suka fara saka acaba da sauro a wasanninsu, mu ma muka ga ashe abin unguwarmu zai iya shiga waya.

Aikina na farko da aka biya ni adaidaita sahu ne, na wata ƙaramar tawaga da nake tura wa aiki daga gida. Tayarsa kusurwa takwas na yi mata, domin in tana gudu ido ba ya bambanta ta da da'ira. Ƙasan motar ban gina shi ba sam, tunda mai wasa ba zai taɓa leƙawa ba. Alwatikan da na yi tsiminsu can na kashe su a rumfa da gilashin gaba, inda ido ke fara sauka.

Daga nan sai fenti. Kafin a shafa wa siffa launi, dole a tsaga ta a shimfiɗe a fili, kamar yadda ake feɗe rago a shanya fatar. A hoto guda mai ɗigo 512 tsawo da faɗi nake cusa komai: kujera, fitila, lambar mota, har da rubutun da direbobi ke yi a baya. Dalili kuwa, duk ƙarin hoto ƙarin nauyi ne ga waya, kuma Google Play bai yarda ainihin fayil ɗin wasa ya wuce megabait 50 ba, sai a 2015 ya ɗaga zuwa 100. Haske ma ba mu bar wa waya ta lissafa ba. Tun a kwamfuta muke gasa inuwa a jikin hoton, ta zauna daram ko rana ta juya.

Babbar riga ce ta fi ba ni wahala, ita ce kuma na fi jin daɗin tunawa. Darussan da muke kallo duk na wando da 'yar shat ne, babu wanda ya koyar da yadda malum-malum ke zuba daga kafaɗa. Sai na koma kallon dattawa ranar Juma'a: yadda suke naɗe hannun riga su ɗora a kafaɗa, yadda aikin aska ke zama a ƙirji. Ƙasusuwa kaɗan na ɓoye a gefen rigar, ta riƙa kaɗawa in mutumin ya zabura. Wani tela a layinmu ya duba ya ce, “Ɗan nan, wuyan ya yi daidai, amma aljihun ya yi ƙasa.” Na gyara a daren, janareta na ruri.

Alƙalinmu ƙaramar Tecno ce mai ƙwaƙwalwar megabait 512, sayen kasuwar waya ta Farm Centre. In wasa ya yi hoto 30 a daƙiƙa a kanta ba ta yi zafi ba, an ci jarrabawa. In ta fara sarƙewa, sai a dawo a rage alwatika, ko da kuwa a hancin jarumin ne.

Yau wayoyi sun ƙoshi. Blender ta sauya fuska tun fitowar 2.8 a 2019, akwai kasuwannin siffofi da aka gama, ga manhajojin da ke ƙera abu daga rubutu. Ba na kewar ɗaukewar wuta ko tsadar data. Abin da nake kewa shi ne tilascin nan da ke sa mutum ya tsaya ya ƙare wa abu kallo, har ya gane wane layi ne in an cire shi adaidaita ya daina zama adaidaita.

Ƙannena masu tasowa a wannan aiki, ku nemi wayar da ta fi arha a kasuwa ku riƙa gwaji a kanta. Irinta ce a hannun yawancin mutanenmu, kuma za ta koya muku abin da babbar kwamfuta ba za ta koya muku ba.