Kwana Nawa Za a Yi Ana Yankan Riɗin?

Riɗi ba ya jiran kowa. Da zarar ya nuna a gonakin Ƙala'at an-Nahal, wajen watan Oktoba, ko dai a yanke shi cikin 'yan kwanaki, ko kwanson ya fashe ƙwayar ta zube ƙasa, wahalar damina ta tafi a banza. Shi ya sa manomin jihar Gadarif yake kwana da tambaya ɗaya a wannan lokaci: in na haɗa ayarin ma'aikata biyu, kwana nawa za su yi?

Wannan tambayar ita ce darasin da yaranmu ke gudu a makaranta, wanda malamai ke kira tauhidul maƙamat, wato daidaita lambobin ƙasa kafin a tara ko a ɗebe. Ɗalibai sun sha kira a shirina suna kuka da shi, musamman in harafi ne a ƙasan maimakon lamba. A littattafan nan Sudan harafin sin ne, a na Kano x. Ni kuwa a rediyo ba allo ba alli, sai dai in kai su gona.

A ce ayarin farko zai gama gonar cikin kwana x. Ke nan a yini guda yana cin 1/x nata. Na biyu ba su kai su sauri ba, sai sun ƙara kwana uku a kai, nasu 1/(x+3) ke nan. Yaro mai gaggawa sai ya tara sama da sama, ƙasa da ƙasa, ya sami 2/(2x+3). To, mu gwada shi. In x uku ne, amsarsa 2/9 ce, wato kwana huɗu da rabi. Ayarin da kwana uku ke isarsa shi kaɗai, an kawo masa taimako, sai aikin ya ƙara tsawo? Babu manomin da zai tsaya sauraron wannan magana.

Sai an auna su da mudu ɗaya tukuna. A ninka ƙasa da ƙasa, a sami x(x+3). Kowane sama kuma a ninka shi da ƙasan ɗan'uwansa, a tara, a sami 2x+3. In x uku ne, 9/18 ke nan, rabin gona a yini, kwana biyu an gama.

Ɗebewa kuwa ranar biyan kuɗi take amfani. Ka san abin da suka yi tare, 1/2, ka san na ayarin farko, 1/3. Mayar da su kan shida: 3/6 a cire 2/6, saura 1/6. Na farko sun yi ninki biyu na aikin, don haka in aka raba ladan biyu daidai, an ci gumin wasu.

Abin da ke ba ni dariya shi ne iyayen da ke ce mini wannan lissafin boko ne. Malamin da ke raba musu gado shi yake yi, sai dai sunansa a wurinsa asalin mas'ala. Mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai: miji rabi, su kuma sulusi biyu. Malam ya mayar da su kan shida, uku da huɗu suka ba da bakwai, sai a yi auli, a kasa dukiyar bakwai. Shi kansa Alkawarizmi, da ya rubuta littafin aljabaru a Bagadaza wajen shekara ta 820, babban kaso na littafin a kan wasiyya da gado ya ƙarar da shi.