Tsakanin Kofi da Gashi

Hausawa kan ce sanƙo alamar arziki ne, amma saurayi ɗan shekara 21 wanda ko keke bai mallaka ba, wannan kirari ba ya yi masa daɗi. A aji da masallaci hula takan rufa mini asiri. A filin ƙwallo kuwa babu hula, nan 'yan kallo suka raɗa mini suna Madubi. Da abin ya ishe ni, sai Kawu, wanda ke zuwa Santambul saro kaya, ya tafi da ni aka yi mini dashen gashi.

Aikin kamar dashen albasa yake a fadama. Akan ciro saiwar gashi ɗai-ɗai daga ƙeya, inda sanƙo bai cika kaiwa ba, a dasa a gaban kai. Likita ya gargaɗe ni cewa saiwar ba ta kamawa sosai sai bayan kwana 10 zuwa 14. Kafin nan sai tafiya a hankali, ban da gumi, da zafin rana, da yawan sunkuyo. Har sujada ma, bayan na tambayi malam, da ishara na yi ta a kwanakin farko. Ɗaga ƙarfe sai bayan wata guda, don yunƙuri kan sa jini ya ɓalle. Ƙwallo kuwa, balle sa kai, sai bayan mako 6.

To, ran kwana 12 sashenmu zai buga wasan ƙarshe na cin kofi, ga shi ni ne mai tsaron baya. Kyaftin ya same ni a ɗaki, ya ce, "Haba mutumina, minti 20 kawai!" Wallahi har na ɗaura takalmi. Sai na tuna guminsa Kawu ya kashe a kaina, na kwance, na ɗauki lema na zauna cikin 'yan kallo. Aka ci mu ɗaya, da kai kuma, daidai inda nakan tsaya. Mako guda abokaina ba su amsa gaisuwata ba.

Abin haushi, cikin mako na uku gashin ya zube ƙaf. Ashe haka al'adarsa take, saiwar tana nan da rai. Sai a wata na huɗu ya fara tsirowa.

'Yan'uwa ɗalibai, kofi duk shekara ana sa shi, amma saiwar da ke ƙeya ƙidayayya ce, wadda ta tafi ba ta dawowa. Bana ina fili, sai dai har yau Madubin suke kirana.