Hayaƙin Kanada da idon da ke sama (zare)

1/ Ranar 7 ga Yunin 2023 sararin samaniyar New York ya koma ruwan lemo da rana tsaka, alhali ko ashana ba a ƙyasta a birnin ba. Dazuzzukan lardin Kebek na Kanada ne ke ci da wuta, ɗaruruwan kilomita daga nan, iska ta kwaso hayaƙin ta yi kudu da shi. 🧵

2/ A shekarar wuta ta cinye hekta wajen miliyan 15 a Kanada, mafi muni tun da suka fara ajiye lissafi. Tsawa ce ta tayar da da yawa daga cikin gobarar Kebek a farkon watan Yuni, bayan zafi da fari sun busar da daji ƙayau.

3/ Yayata tana zaune a Bronx, ɗanta kuma yana da asma. A makon nan na koyi duba hotunan tauraron ɗan adam, don daga nan gida ba abin da zan iya yi mata sai in ce, "Yaya, hayaƙin bai wuce ba fa, kar yaron nan ya fita gobe."

4/ Ga yadda abin yake. Akwai tauraron da ke tsaye saitin wuri ɗaya, kamar GOES-16 na Amurka da ke wannan aiki a 2023, a nisan kilomita kusan 36,000. Duk 'yan mintuna yana ɗaukar hoto. In aka jera hotunan sai ka ga hayaƙi na tafiya kamar bidiyo.

5/ Akwai kuma masu zagaya duniya a kusa, irin Terra da Aqua na NASA, a wajen kilomita 700. Na'urarsu tana gane zafin wuta, sai a ɗiga jan ɗigo a taswira daidai inda ake gobarar. Sentinel-5P na Turai kuwa iskar kabon monoksaid da ke cikin hayaƙin yake bi.

6/ Yaya ake bambance hayaƙi da gajimare? Gajimare fari ne fat. Hayaƙi ruwan toka ne ko ruwan ƙasa, shara-shara, kuma in ka bi jelarsa za ta kai ka bakin wutar. Ya fi fitowa a hoton safe da na yamma.

7/ To amma a kula da nan. Hoton daga sama aka ɗauke shi, bai faɗa maka ko hayaƙin yana can sama ne ko yana daidai hancinka. Ƙarshen Yunin nan hayaƙin ya tsallake Atilantika har Fotugal da Sifaniya, amma yawancinsa a sama ya wuce, sai dai rana ta yi dishi-dishi.

8/ Na New York kuwa ƙasa ya sauko. Ma'aunin gurɓacewar iska ya haura 400, alhali daga 300 ake cewa haɗari ne ga kowa. An jinkirta tashin jirage, makarantu sun hana yara wasa a waje, mutane suka koma sa takunkumi.

9/ Abin tsoron shi ne ƙwayoyin da ake kira PM2.5. Silin gashi ya fi su kauri wajen sau 30. Suna wuce hanci su shiga can cikin huhu, wasu har jini. Na'urorin auna iska da ke ƙasa su ke faɗin yawansu, tauraron kuma ya nuna inda suka dosa. Sai an haɗa biyun ake samun gaskiya.

10/ Kar ku ce wannan matsalar Turawa ce. Taurarin nan su ke ganin ƙurar hunturu na tasowa daga kwarin Bodele a Chadi ta nufo mu. Ku duba taswirar wuta a Disamba, za ku ga jajayen ɗigo birjik a Afirka ta Yamma saboda ƙona daji. Na'urorin auna iska kuma ba su da yawa a garuruwanmu.

11/ Worldview da FIRMS na NASA kyauta ne, a waya ma suna buɗuwa. In da mai asma, tsoho ko jariri a gidanku, ku riƙa leƙawa a lokacin hunturu. In hoto ya nuna hazo na tafe, ido kuma ya ga gari ya dushe, a rufe taga, a ajiye magani kusa, a rage yawo.