Daga Jiratawa zuwa Tibiri: iska ta tsai da mota

Jiratawa tana kudu da Maraɗi. Tibiri, birnin Sarkin Gobir tun 1836, tana arewa maso yamma. Gulbin Maraɗi ya bi ta gefen garuruwan nan uku. Hanyar ba nisa gare ta ba. Amma wata rana ta ci ma wata mota wuni guda.

Tun farkon shekarun 1980 ake noman rani a Jiratawa da ruwan rijiyoyin burtsatse. Da asuba mata suka yanki zogale, maza suka cika kwanduna da tumatir. Aka loda ma wata Toyota Hiace, aka kama hanya. Da shigarsu Maraɗi, a kan tudun da gari ya koma bayan ambaliyar 1945, sai giya ta ƙi shiga. Direba ya taka kuloci, ya ji ba ƙarfi. Aka tura mota har garaji.

Makanike ya duba, ya ce famfon sama ya mutu. Wannan famfo yana bayan abin takawa. In direba ya taka, shi ke tura man birki cikin siririn bututu zuwa ƙaramin famfo na gindin giya. Shi kuma ƙaramin ya raba inji da giya. Aka sayo sabo, aka ɗaura. Direba ya taka, har yanzu kamar auduga.

Rana ta yi sama, zogale ya fara yaushi. Wata tsohuwa ta ce: "Ɗana, ba sabon ƙarfe ka sa ba? To, mu tafi mana!"

Makanike ya ce: "Inna, ki yi haƙuri. Iska ta shiga bututu. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. In ba a fid da ita ba, ƙarfin ƙafa ba ya isa ƙasa."

Wani manomi ya ce ya gane. Haka injin ban ruwa yake: in iska ta shiga tiyo, sai ya yi ta kuka, ba ruwa.

Aikin na mutum biyu ne. Aka cika ɗan tulun mai. Yaron garaji ya zauna wurin direba, makanike ya kwanta ƙarƙashin mota. Ya ce: "Taka!" Yaro ya taka sau biyar. "Riƙe!" Yaro ya danne. Makanike ya kwance ɗan kusurwar ƙaramin famfo kaɗan, mai ya fito da kumfa. Ya ɗaure tukuna ya ce: "Saki!" In aka saki ƙafa kusurwa tana buɗe, iska sai ta koma. In tulu ya ƙafe, aiki ya dawo sabo. Don haka direba ya tsaya yana ƙara mai. Haka suka yi ta yi, har mai ya fito garau.

Da la'asar mota ta isa Tibiri. Tumatir ya tsira. Zogale kuwa an sai da shi da araha. Amma da an tafi da iskar nan, da mota ta mutu a daji, kaya duka su lalace.

Manoma da makiyaya, ga abin lura. Kada a zuba man inji a tulun nan, yana lalata robobin famfo. Man birki guba ne, a kau da shi daga yara da dabbobi. Direba ya riƙa duba tulu kowace safiya kafin lodi. Fasinja kuma su bar mai gyara ya gama aikinsa. Gaggawa ba ta kai kaya kasuwa.